Susanna Wesley (1669–1742): Uwar da Ta San Abin da Ya Kamata a Sa Gaba

Idan aka ambaci sunan Wesley, tunanin masu bi yakan tafi ga John Wesley, mai wa'azin da ta wurinsa aka kafa ikkilisiyar Metodis, ko kuwa ga ƙanensa Charles, wanda ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000. Amma kafin duniya ta san waɗannan bayin Allah biyu, akwai wata mace da ta yi shekara 38 a gidan fasto na wani ƙauye a Ingila, tana lissafin yadda abinci zai kai ƙarshen mako, tana kuma koya wa 'ya'yanta karatu a tsakiyar bashi. Ita ce mahaifiyarsu, Susanna. Iyalan da ke Mugulbu da sauran ƙauyukan Mubi, waɗanda suka san yadda rumbu yake sauka a tsakiyar damina daidai lokacin da kuɗin makaranta yake ƙaratowa, za su gane gidanta ba tare da dogon bayani ba.

Asalinta

An haifi Susanna a birnin Landan ran 20 ga Janairu, 1669. Ita ce auta a cikin 'ya'ya masu yawa na Dakta Samuel Annesley, wani sanannen mai wa'azi wanda aka raba shi da majami'arsa a 1662 domin ya ƙi amincewa da dokar da gwamnati ta kafa a kan tsarin sujada. Gidan malami ne, cike da littattafai da baƙi masu muhawara a kan al'amuran bangaskiya, don haka Susanna ta sami ilimin da 'yan mata kaɗan ne suke samu a zamaninta. Tun ba ta cika shekara 13 ba ta auna hujjojin ɓangarorin biyu da kanta, ta zaɓi komawa ikkilisiyar Ingila, wato Angalika, ko da yake mahaifinta ya sha wuya saboda barinta. Tun tana yarinya kuma ta kafa wa kanta doka cewa lokacin da za ta ɓatar a wasa ba zai wuce wanda za ta ba addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki ba. Ashe tattalin lokaci ta fara koya kafin rayuwa ta tilasta mata tattalin kuɗi.

Aure da ƙaramin albashi

A watan Nuwamba na 1688 ta auri Samuel Wesley, wani matashin fasto mai ilimi da himma, wanda ya yi karatu a jami'ar Oxford ta wurin yi wa ɗalibai masu hali hidima. Sun fara zaman aure a Landan da albashin da bai wuce fam 30 a shekara ba. Daga nan suka koma wani ɗan ƙauye mai suna South Ormsby, inda albashin ya kai kimanin fam 50, amma kusan kowace shekara ana samun ƙaruwa a gidan. A 1697 suka ƙaura zuwa Epworth, a lardin Lincoln, ƙasar fadama mai nisa da manyan birane. A takarda, aikin yana kawo fam 200 a shekara, kuɗin da ya isa ya riƙe gida da mutunci a wancan zamani.

Sai dai Samuel ya shiga Epworth da bashi a wuyansa. Yawancin abin da faston wurin yake samu daga gonar ikkilisiya yake fitowa, shi kuwa bai iya noma ba, bai kuma iya lissafi ba. Ya ranci kuɗi domin ƙaura, ya ranta domin kayan ɗaki, ya sake ranta domin dabbobi da kayan aikin gona, ga mahaifiyarsa tsohuwa da yake taimakawa kowace shekara. Kafin 1701 bashin ya kai kimanin fam 300, wato daidai da albashin shekara guda da rabi. Hausawa sukan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na gidan Wesley irin wanda ruwansa yake cinye amfanin gona tun ba a girbe ba ne.

A watan Mayu na 1701, 'yan kwanaki kafin Susanna ta haifi tagwaye, ita da mijinta suka haɗa duk abin da ke hannunsu, sai ya tashi sule 6 kacal. Da shi suka aika a sayo kwal na hura wuta. A cikin shekara kusan 20 ta haifi 'ya'ya 19, tara daga cikinsu suka rasu tun suna jarirai. Goma ne suka girma: maza uku da mata bakwai.

Shekarar kurkuku

Wahala ta yi ta zuwa a jere. Rumbunsu ya rushe. A 1702 wuta ta cinye babban sashe na gidan, ba da daɗewa ba bayan Samuel ya dawo daga wani yaji na watanni da ya yi saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da matarsa a kan wanda ya cancanci sarautar Ingila. A shekara mai zuwa, a watan Yuni na 1703, aka haifi John.

A 1705 aka yi zaɓen 'yan majalisa, Samuel ya fito fili ya goyi bayan ɓangare guda, abin da ya jawo masa gaba mai tsanani. Wani da yake binsa kuɗin da bai kai fam 30 ba ya sa aka kama shi a harabar majami'a, aka kulle shi a kurkukun Lincoln na wasu watanni. Yana can aka sassari shanunsu da dare, alhali da nononsu iyalin suke rayuwa. Susanna ta rage ita kaɗai da ƙananan yara, ba kuɗi, ga maƙiya kewaye da gida.

A wannan hali ne ta tattara 'yan zobbanta, iyakar abin ado mai daraja da ya rage mata, ta aika wa mijinta domin ya sayar ya sami abinci. Shi kuwa ya mayar mata da su. Wannan ɗan al'amari ya nuna cewa duk da saɓaninsu, kowannensu yana shirye ya rasa domin ɗayan ya samu. Abokai da masu hali a ikkilisiya, musamman Babban Bishop na York, John Sharp, suka tara kuɗi aka biya bashin, aka sake shi.

Bishop ɗin ya taɓa tambayar Susanna ko ta taɓa rasa burodi ƙwata-ƙwata. Ta amsa masa da gaskiya cewa ba ta taɓa rasawa ba, amma wahalar nemansa kafin a ci, da damuwar biyan kuɗinsa bayan an ci, sun sa cinsa bai fi rashinsa da yawa ba. Ba ta ƙara gishiri domin a ji tausayinta ba, ba ta kuma ɓoye halin da take ciki domin kunya ba. Duk uwar da ta taɓa karɓo mudun hatsi bashi a wurin mai shago za ta fahimci wannan amsa.

Tsarin gidanta

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Susanna ba ta da iko a kan abin da yake shigowa gidan, don haka ta mai da hankali ga abin da ke hannunta, wato abinci, lokaci da tarbiyya. A wata doguwar wasiƙa da ta rubuta wa John a 1732, bisa roƙonsa, ta bayyana yadda ta tafiyar da gidan.

Sau uku ake cin abinci a rana, ba a kuma ciye-ciye a tsakani sai ga marar lafiya. Yaro yakan ci abin da aka sa a gabansa, ba ya zaɓe, ba ya kuma zagayawa ɗakin girki ya roƙi wani abu a ɓoye. Ba wanda zai taɓa kayan ɗan'uwansa ko da na anini ne ko allura. Alkawari dole a cika shi, kyautar da aka riga aka bayar kuma ba a karɓe ta. Yaron da ya yi laifi ya faɗi gaskiya ya kuma yi alkawarin gyarawa, ba a dukansa, domin ta lura cewa tsoro ne yake koya wa yara ƙarya. Horonta yana da tsanani, har wasu masu nazari na yau suna ganin ya yi yawa, amma a gidan da baki ya yi yawa abinci kuwa kaɗan, waɗannan dokoki sun hana ɓarna da cuta da gunaguni.

Babban abin da ta sa gaba shi ne karatu. Tun da babu kuɗin makaranta, sai ta mai da ɗaki guda aji, ita kanta ta zama malama. Yaro yakan fara bayan ya cika shekara 5. A ranar farko ake koya masa haruffa duka, washegari ya shiga sura ta fari ta Littafin Farawa, aya bayan aya. Awa 6 ake yi kowace rana, daga ƙarfe 9 zuwa 12, sa'an nan daga 2 zuwa 5, haka ta yi ta yi har kusan shekara 20, da ciki ko da goyo.

Akwai wata doka tata da ta sha bamban da al'adar zamanin. Ba a koya wa yarinya ɗinki ko wani aikin hannu sai ta iya karatu sosai. A gidan talaka, hannun 'ya mace yana da amfani nan take, domin ita za ta yi faci, ta yi raino, ta rage wa uwa aiki. Susanna ta haƙura da wannan sauƙi na yau domin abin da zai amfani yarinyar har tsufanta.

Gobarar 1709

Daren 9 ga Fabrairu, 1709, wuta ta sake kama gidan, wannan karo ta cinye shi ƙurmus. Susanna, wadda take da tsohon ciki, ta ratsa ta cikin harshen wuta ta fita da ƙuna a hannu da fuska. Da aka ƙirga yara sai aka ga babu John, mai shekara 5. Maƙwabta suka hango shi a taga ta bene, wani ya hau kafaɗar wani aka ciro shi daf da faɗuwar rufin. Samuel ya kira jama'a su durƙusa su yi godiya, yana ganin tun da 'ya'yansa sun tsira, gidan ya tafi.

Kome ya ƙone: tufafi, kayan ɗaki, hatsi, littattafai da rubuce-rubuce. Aka rarraba yaran a gidajen dangi da abokan arziki kusan shekara guda. Iyalan ƙasar Mubi da suka watse zuwa Yola da Kamaru sa'ad da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen Oktoba na 2014, suka kuma dawo suka tarar da ɗakuna da rumbuna wayam, sun san nauyin irin wannan farawa daga tushe, sun kuma san tambayar da take biyo baya: da me za a fara?

An sake gina gidan da tubali a kan kimanin fam 400, abin da ya ƙara zurfin bashi. Shekara 13 bayan haka, gidan bai sami ko rabin kayan ɗakin da yake bukata ba, iyalin kuma ba su da isassun tufafi. Abin da ya fi damun Susanna shi ne halin da yaran suka dawo da shi, domin sun koyi maganganun banza da sakaci da ranar Ubangiji a inda suka zauna. Da wannan ta fara. Ta sake buɗe ajinta, ta ƙara rera Zabura a farkon karatu da ƙarshensa, ta haɗa kowane babba da ƙarami domin su karanta sura guda tare safe da yamma. Da yake littattafai sun ƙone, ta zauna ta rubuta wa 'ya'yanta nata bayanin a kan Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da Dokoki Goma.

Ta kuma raba maraicen mako a tsakaninsu domin ganawa da kowa shi kaɗai: Litinin Molly, Talata Hetty, Laraba Nancy, Alhamis John, Jumma'a Patty, Asabar Charles, Lahadi kuwa Emily da Sukey. Wannan bai ci ko kwabo ba, amma John ya riƙa tuna daren Alhamis har bayan ya zama malami a jami'a. A lokacin sanyi na 1711 zuwa 1712, sa'ad da mijinta yake Landan, addu'ar da take yi da iyalinta ran Lahadi da yamma a ɗakin girki ta jawo maƙwabta har suka kai wajen mutum 200.

Abin da zaɓin ya ci

Ba daidai ba ne a ba da wannan tarihi kamar kome ya tafi sumul. A gida ɗaya aka sami zaɓi iri biyu. Samuel mutum ne mai tsoron Allah, mai ziyartar jama'arsa da aminci, amma sau da yawa yakan sa abin da zai iya jira a gaban abin da ba ya jira. Ya yi ta zuwa babban taron limaman ikkilisiya a Landan da kuɗin aljihunsa, kowace tafiya tana cin kimanin fam 50. Ya kuma ba da shekaru da dukiya ga wani babban littafi na Latin a kan Ayuba, wanda bai fito ba sai bayan rasuwarsa, bai kuwa kawo wa iyalin wata riba ba.

Ilimin 'ya'ya maza shi ne abin da miji da mata suka yarda a kai. Babban ɗan, Samuel ƙarami, ya sami gurbin karatu a makarantar Westminster, John ya shiga Charterhouse kyauta a 1714, su uku duka kuma suka kai Oxford. Da babban ya fara koyarwa a Westminster, sai ya ɗauki nauyin Charles daga 1716, kamar yadda yayye suke ɗaukar ƙannensu a gidaje da yawa har yau. A 1726, sa'ad da aka zaɓi John ya zama malami a kwalejin Lincoln ta Oxford, mahaifinsa ya cika da murna, alhali abin da ya rage masa na riƙe gida har kaka bai fi fam 5 da 'yan kai ba.

'Yan matan ne suka ɗauki mafi nauyin wannan sadaukarwa. Sun iya karatu ƙwarai, Hetty ma har waƙoƙi take rubutawa, amma babu kuɗin sutura balle na kayan aure, ƙofar jami'a kuwa a rufe take ga mata a lokacin. Emily ta rubuta wa John wasiƙu masu ɗaci a kan rashin da suke ciki. Da yawansu sun yi auren da bai yi musu daɗi ba. Duk da haka karatun da uwarsu ta dage a kai ya zama musu abin dogaro, domin Emily ta ci abinci da aikin koyarwa har ta buɗe makarantarta a garin Gainsborough.

Takaba da rasuwa

Samuel ya rasu ran 25 ga Afrilu, 1735, da sauran bashi a kansa, har wata mai bin kuɗi ta kwashe dabbobin gidan. Da yake gidan na ikkilisiya ne, dole Susanna ta fita tana da shekara 66, ba ta da ko ɗaki nata. A wannan shekara aka nemi John da Charles su tafi aikin bishara a Jojiya, a Amurka. Ko da yake tana bukatar taimakonsu, ta sallame su da farin ciki, tana ganin ko 'ya'ya maza 20 gare ta, da ta so dukansu su yi irin wannan aiki.

Ta zauna a wurin 'ya'yanta bi da bi, daga baya ta tare a Landan a wurin John, a wani tsohon gini da ake kira Foundery, wanda ya zama cibiyar Metodis ta farko a birnin. A nan ta rasu ran 23 ga Yuli, 1742, tana da shekara 73. Roƙonta na ƙarshe ga 'ya'yanta shi ne su rera waƙar yabo da zarar ta cika. Aka binne ta a makabartar Bunhill Fields.

Gadon da ta bari

Ba ta bar gona ko gida ba, amma tattalinta ya bayyana a rayuwar ɗanta. John ya ba da labarin wani saurayi a Oxford, wanda masana suka yarda shi kansa ne, da yake samun fam 30 a shekara, ya rayu da 28 ya bayar da 2. Da samunsa ya zama 60, sa'an nan 90, har 120, bai ƙara a kan fam 28 ɗin nan ba, sauran duka ya ba matalauta. Koyarwarsa a kan kuɗi ta tsaya a kan abu uku: nema ta hanyar halal da himma, guje wa almubazzaranci, da bayarwa hannu sake. Aikin da ya fara ya iso Nijeriya ta Badagry a 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman, akwai kuma ikkilisiyoyin Metodis masu yawa a Jihar Taraba, maƙwabciyar Adamawa.

Darasi ga iyalai

Na farko, ƙaramin samu yana bukatar jeri. Susanna ta sa abinci da tsoron Allah da karatu a gaba, kayan ɗaki da ado suka jira shekara da shekaru. Iyalin da ya sayar da masara da gyaɗa tun da kaka domin ankon Kirsimeti ko bikin da zai burge jama'a, zai sayi hatsin nan da tsada a watan Agusta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, bashin da aka ci domin fara rayuwa da abin da ba a kai ba yakan bi mutum har kabari. Na Samuel ya bi shi kusan shekara 40, ya kuma taɓa 'ya'yansa.

Na uku, miji da mata su haɗa abin da ke hannunsu su yi lissafi tare, ko sule 6 ne. Aikin Allah ma ba hujja ba ce ta barin gida da yunwa, kamar yadda 1 Timoti 5:8 ta gargaɗi masu bi.

Na huɗu, in ana yanke shawarar wanda za a biya wa makaranta, a tuna da Emily da 'yan'uwanta. Ƙofar da aka rufe musu a buɗe take ga 'yan matan yau, bai kuwa kamata iyaye su rufe ta da hannunsu ba.

Na biyar, ikkilisiya ta lura da gidajen da suke shan wuya a ɓoye, har da na masu hidimarta. Da Bishop Sharp bai yi tambaya ba, da bai san zurfin abin ba. Dattawa da Zumuntar Mata suna da wannan hakki a kowace majami'a.

Ubangiji ya ba iyaye hikimar sanin abin da za su sa gaba, da haƙurin jiran sauran, ya kuma sa albarka a ɗan abin da ke hannunsu. Amin.